Na koma Jos hutu da ciwon zuciya a jikina

A Gangare aka haife ni, cikin garin Jos, kuma a nan na yi wayo. Kakanmu na wajen uba daga ƙasar Zazzau ya zo zamanin haƙar kuza, ya yi leburanci a Bukuru, da ƙarfinsa ya fara raguwa ya koma sayar da goro, bai ƙara komawa gida ba. Mu da muka tashi a garin ba mu ɗauki hawa da gangara a bakin komai ba. A aike ni kasuwa da safe, in dawo in wuce Islamiyya, da yamma in ɗebo ruwa, ban taɓa sanin akwai wani abu wai shi haki ba. Ranar Sallah kuwa a ƙafa muke tafiya gidan zu, mu da 'yan unguwarmu, mu dawo bayan la'asar ƙafafu duk ƙura.

Aure ne ya kawo ni Abuja, muka zauna a Kubwa. Da farko ina zuwa gida a kai a kai. Bayan rikicin 2008 da na 2010 da yawa daga danginmu suka watse, wasu Bauchi, wasu Kaduna, sannan iyayena suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Gwaggona kaɗai ta rage a tsohon gidan, ta ce ita ba inda za ta.

Bayan haihuwata ta ƙarshe ne ciwon ya zo. Na yi jego yadda aka saba, wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kofi bayan kofi. Kafin a yi arba'in ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Da dare in na kwanta sai tari, sai in ji numfashi ya ƙi isa, dole in tashi zaune in jingina da bango har gari ya waye. Masu zuwa barka kowa da abin da yake faɗa. Wannan ta ce sanyi ne ya shige ni, waccan ta ce ban gasu ba a ƙara wuta. Ranar da na kasa ɗaukar jaririyar daga gado zuwa falo, Abban yara ya ce a'a, wannan ya wuce jego, ya sa ni a mota.

A asibiti aka yi mini hoton zuciya. Likitan ya juyo da allon ya nuna mini yadda take motsi a hankali, ya ce ta buɗe, kuma ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhu da ƙafafu. Ya ce ciwo ne da ke kama wasu mata gab da haihuwa ko bayanta, kuma ya yi yawa a arewacin ƙasar nan, har likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Bai ce kunun kanwa ne ya jawo shi kai tsaye ba, amma ya ce kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, ga zafin wankan, duk kaya ne ake ɗora wa zuciyar da ta riga ta gaji. Wasu matan tasu na komawa daidai cikin watanni. Tawa ta ɗan farfaɗo, ba ta koma ba. Sannan ya faɗa mana a gaban maigida cewa wani cikin zai iya tafiya da raina. Na yi kukan wannan maganar fiye da na ciwon kansa.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu sosai, domin ba abin da ya faru. Magani safe da dare, asibiti, gida. Daga baya suga ya zo ya ƙaru a kai. Abin da ya fi cin raina shi ne tsoro. Na ji labarin wata da ta faɗi a wajen biki ba ta tashi ba, daga nan na daina zuwa biki. Na daina zuwa suna, na daina zuwa kasuwa, har gaisuwar mutuwa sai ta waya. Da farko mutane na zuwa dubiya, a hankali suka saba da rashina, aka daina ma kawo mini katin gayyata. Ba na ganin laifinsu. Yarana suka tashi sun san Umma a kan kujera ɗaya, kusa da taga, da kwandon magani a gefe. 'Yar autar ba ta taɓa ganina ina sauri ba.

Wata rana a ganin likita ya tambaye ni ko ina ɗan tattaki. Na ce daga ɗaki zuwa kicin. Ya ajiye biro ya dube ni.

"Hajiya, ni gishiri na hana ki. Yaushe na hana ki fita?"

Ya yi mini bayani cewa mai irin ciwona, in dai ya lafa, zama wuri ɗaya ƙara kashe masa jiki yake yi, naman ƙafafu ya saki, ɗan motsi kaɗan sai haki. Ya ba ni ma'auni mai sauƙi: in yi tafiya gwargwadon yadda zan iya magana da na kusa da ni ba tare da numfashina ya yanke ba. In maganar ta fara kakkatsewa, in tsaya. In na ji ciwon ƙirji ko jiri, in zauna a kira shi. Na fara da layinmu bayan sallar asuba, ni da babbar 'yata. Da ƙafar ta saba, ranar Asabar Abban yara kan kai mu Millennium Park a Maitama da sassafe kafin rana ta yi zafi, wani lokaci bakin tafkin Jabi. A can ne wata safiya na ce masa ina so in ga Jos. Ba zuwan gaisuwa na kwana ɗaya a juyo ba, hutu nake so, in nuna wa yaran inda na tashi.

Bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ya ce sai abin da likita ya faɗa.

Tambayata ta farko ga likita ita ce tsayin garin, domin Jos na kan tudu kimanin mita 1,200 daga teku, ta ninka Abuja fiye da sau biyu. Ya ce wannan tsayin bai kai inda ake jin tsoro ba ga wanda ciwonsa ya lafa, abin kiyayewa shi ne hawan dutse da ƙafa da kuma sanyi. Ya sa aka sake gwajin jini don duba ƙoda da gishirin jiki, ya rubuta mini takarda mai ɗauke da sunan ciwon da jerin magungunana saboda ko wani likita zai gan ni a can. Muka yi maganar maganin fitsari, wanda duk mai shan sa ya san halinsa: ka sha da safe, awannin da ke biye kana hanyar banɗaki. Ya yarda ranar tafiya in jinkirta shi sai mun sauka. Wannan shawara ce tsakanina da likitana, kada wata ta karanta ta canza lokacin maganinta da kanta. Ya kuma ja kunnena a kan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis in sanyi ya taso da ciwon gaɓoɓi, ya ce suna riƙe ruwa a jiki, suna taɓa ƙoda.

Zaɓen lokaci ni na yi shi, don na fi su sanin garin. Disamba da Janairu sanyin Jos ba na wasa ba ne, ga ƙurar hunturu da ke tayar mini da tari. Yuli da Agusta ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, ƙasa na santsi. Na zaɓi ƙarshen Oktoba, damina ta ja baya, duwatsu ba su bushe ba tukuna, ga sabuwar acca ta shigo kasuwa.

Masauki ne ya fara jawo magana. A al'ada gidan Gwaggo zan sauka, ba ma abin tambaya ba ne. Amma na san gidan: matakala kafin ka shiga, banɗakin tsuguno a can ƙarshen tsakar gida, ga baƙi da za su yi ta sallama daga safe har dare. Muka nemi ɗakunan haya masu kicin a ɓangaren Rayfield, na sa 'yata ta tambaya dalla-dalla ta waya: a ƙasa ɗakin yake ko a bene, akwai ruwan zafi, akwai firij, mota na iya zuwa har bakin ƙofa? Na kuma tabbatar mun san hanyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo daga can. Da na faɗa wa Gwaggo ta yi shiru a waya, sannan ta ce, "To, 'yar nan, kin zama baƙuwa ke nan." Maganar ta tsaya mini a rai har muka tafi.

Kayan da na haɗa sun fi na amarya ban dariya: sikelin awon nauyi, na'urar awon jini, ta awon suga, filo biyu na ƙari saboda ba na iya kwanciya shimfiɗe, kujerar roba mai naɗewa, rigunan sanyi, magani fiye da na kwanakin da za mu yi, an raba shi jaka biyu. Sikelin nan shi ne mai gadina. Kowace safiya kafin in ci komai nake hawa, domin ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ga mai ciwon zuciya ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa.

Mun bi ta Keffi da Akwanga. Duk bayan awa ɗaya da 'yan mintuna sai mu tsaya in sauko in taka kaɗan, saboda dogon zama na kumbura ƙafa. Da muka fara Hawan Kibo na sauke gilashi, iskar ta canza, kunnuwana suka toshe suka buɗe. Yaran na ta ɗaukar hoto, ni kuwa ina sauraren ƙirjina, ina jiran abin da zai ce. Bai ce komai ba. Ruwan Assop, mai zubowa daga kan dutse, yana kan wannan hanyar, amma isa gare shi sai an bi ta kan duwatsu, don haka tun a gida na cire shi daga lissafi. Duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna kuwa daga bakin titi ake ganinsu, ko saukowa ba sai ka yi ba.

Dokar da na kafa wa kaina ita ce wuri ɗaya a rana, da hantsi, bayan sanyin safe ya sake kuma maganin fitsari ya gama aikinsa. Kafin azahar mun dawo, in ci abinci in kwanta. Da yamma in akwai sauran ƙarfi a zaga gari cikin mota, in babu a zauna.

Gidan tarihi muka fara zuwa, wanda aka buɗe a 1952 ƙarƙashin Bature Bernard Fagg. Ina yarinya wucewa kawai muke yi ta gabansa zuwa kallon birai. Wannan karon da yake ba ni da ƙarfin sauri, sai na tsaya na kalli kawunan yumɓu na Nok da kyau, waɗanda suka haura shekara 2,000, masu idanu a huje da kitso iri-iri. Da na ji cewa masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu daga ƙasa, sai na tuna Kaka, na ce wa yaran wa ya sani ko shebur ɗinsa ya taɓa cin karo da ɗaya. Kujerata na hannun ɗana, duk inda na tsaya ya buɗe mini. Da farko na ji nauyin zama a gaban mutane, daga baya na ga ba wanda ya damu da ni. Ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda magini Babban Gwani ya gina, yana da 'yar tafiya, saboda haka muka bar shi sai wata ranar daban. Da a ce lafiyata ƙalau da a rana ɗaya zan haɗa su, kuma na tabbata da ban ga rabin abin da na gani ba.

A gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, wurin na da faɗi ƙwarai, ban ko yi niyyar zaga shi ba. Na ga abin da ke kusa, na sami inuwa na zauna, su suka shiga ciki suka dawo suna ba ni labari. A Rayfield kuma bakin ruwa kawai muka zauna, ruwan da asalinsa ramin kuza ne.

Ranar da suka tafi duwatsun Shere ce ta yi mini ɗaci. Ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, ba wurina ba ne, na sani tun kafin mu taso. Amma da motar ta fita aka bar ni ni kaɗai a ɗaki, sai hawaye. Ni da nake hawa dutsen bayan unguwarmu da tulu a kai. Na yi kukana na gama, na yi alwala da ruwan ɗumi, na yi walaha a zaune. Da la'asar Abban yara ya dawo ya ɗauke ni zuwa wajen Lamingo, inda ake hango duwatsun daga ƙasa, 'yar autar na nuna mini da yatsa wai ga inda suka kai.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ainihin jarrabawar. Dutse in ka ce ba za ka hau ba, ba ya fushi. Mutum kuwa in ya kawo maka kwano ka mayar, ka taɓa zumunci.

Ta wani ɓangaren Jos gari ne mai sauƙi ga irina. Washegarin isowarmu muka je Farin Gada, ina cikin mota 'yata ta shiga ta sayo kabeji, karas, latas, koren wake, tumatir, kokwamba da dankalin Turawa irin na Bokkos, duk sabbin cirowa, a farashin da ya sa na yi ta jinjina abin da muke biya a Abuja. Mu muke girkinmu. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba mai lafiya ma ya wuce shi a rana giram 5 ne, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙule, burodi, yajin tsire, kilishi da taliyar yara. Ni nawa bai kai haka ba. Tukunyata daddawa ce, tafarnuwa, citta, albasa mai yawa da ɗan lemon tsami. Gishirin nan da ake tallatawa wai na masu hawan jini ma likita ya hana ni, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsa bai jituwa da ɗaya daga magungunana. Acca kuma, da ake cewa maganin suga ce, abinci ce mai kyau amma hatsi ce, in ka cika kwano awo zai nuna maka. Ludayi nake aunawa, ganye ya fi yawa. Ruwan sha ma da ma'auni, lita ɗaya da rabi aka yanka mini, kuma shayi da kunu da fura duk a ciki suke. A sanyin Jos, inda kowane gida shayi ake fara miƙo maka, wannan lissafin sai da kula.

Inda muka ci a waje sau da yawa gasasshen kifi ne, a ce musu kada su barbaɗa komai, a kawo yajin a gefe. Wasu su yi, wasu su manta, in sun manta yaran su cinye in ci abin da na zo da shi a kula. Ban fita ko sau ɗaya ba tare da 'yar kulata da dabino uku a jaka saboda faɗuwar suga ba.

Gidan Gwaggo na bari sai da na huta sosai. Na san abin da ke jirana: masa da miyar taushe, ɗanwake da ya sha kanwa, tsire daga bakin titi, lemon kwalba. Tsohuwa ce da ta yi kwanaki tana shiri. In na ƙi ci, ga maganar masauki, ga wannan, shi ke nan na tabbata baƙuwa. Saboda haka tun da safe na aika yaran da acca, yakuwa, gauta, alayyafo da ƙashin miya, na kira ta na ce, "Gwaggo, gwatenki nake marmari, irin wanda kike mana muna yara. Amma tare za mu yi, ina so in koya."

Ta ce, "Ke da girmanki ba ki iya gwate ba?" Amma na ji muryarta ta sake.

Na zauna kan kujerata a bakin murhu ina gyaran ganye, tana ta faɗa wai na yanka shi manya. Da aka zo sa gishiri da dunƙule na ce a ɗebar mini nawa a ƙaramar tukunya tukuna. Ta tsaya da cokali a hannu.

"Haka za ki ci shi lami?"

Na ɗaga zanena na nuna mata ƙafata, na danna yatsa a ƙauri na ce ta duba, yau bai lotsa ba. Na faɗa mata yadda yake lotsawa ya ƙi tasowa in na ci gishiri, da yadda nake kwana a zaune. Ba ta taɓa jin wannan ba, domin duk shekarun nan in ta tambaya "da sauƙi" kawai nake cewa. Ta yi shiru, ta ɗauko ƙaramar tukunya da kanta, ta ƙara mini yakuwa ta ce tsamin zai rufe rashin gishirin. Gaskiyarta kuwa. Masar da ɗanwaken yaran suka yi musu kaca-kaca, ba abin da ya yi saura. Da maƙwabta suka shigo gaisuwa da kwanukansu, ita ta riƙa tare su tana cewa, "Ku ba jikokina, ita likita ya sa mata doka." Kafin mu tafi ta tambaye ni sunan ciwon, ta ce akwai wata mai jego a layinsu da ƙafafunta suka kumbura, za ta sa mijin ya kai ta asibiti.

Mun dawo Abuja nauyina bai motsa ba, awon jinina ma daidai. Sai da na yi kwanaki ina ramuwar barci, wannan kam gaskiya ne, tafiyar ta karɓi kuɗinta. Ciwon yana nan, maganin yana nan, akwai ranakun da ko layinmu ba na iya kaiwa ƙarshe. Amma na koma zuwa suna da biki, in je da wuri, in zauna kusa da ƙofa, in ci abincina a gida kafin in fita.

Yanzu Abban yara ya taso da maganar Yankari. Kallon dabbobin a mota ake yi, wannan bai dame ni ba. Matakalan sauka zuwa ruwan Wikki ne nake tunani, saukar ba wuya, hawowar ce abin dubawa, ga zafin ƙasar Bauchi. Na rubuta su cikin tambayoyin da zan kai wa likita a ganinmu na gaba.